Haske da Sanyi a Ƙasar Norwe: Dalilin da Ya Sa Ba Sa Tafiya Tare

Mutumin da ya tashi a Kano ko Katsina ko Maraɗi bai cika damuwa da tsawon yini ba, domin abin da ke sauyawa a shekararsa shi ne ruwa da iska da zafi. Yini mafi tsawo a Kano, wanda ke zuwa a wajejen 21 ga Yuni, bai wuce sa'a 12 da minti 50 ba, mafi gajarta kuma, a wajejen 21 ga Disamba, yana kai sa'a 11 da minti 25, ta yadda in ba ladan ko mai azumi ba, da wuya wani ya lura da bambancin. Wannan ne ya sa idan aka kawo zancen ƙasashen arewacin Turai, sai a yanke shi a taƙaice a ce ai can wata shida rana ne, wata shida dare. Maganar ba ta dace da ko gari ɗaya a Norwe ba. Inda take aiki shi ne ƙololuwar arewacin duniya, wurin da babu gida babu gona sai ƙanƙarar da ke yawo a kan teku. Akwai kuma kuskure na biyu da ya fi na farkon yaɗuwa, wato zaton cewa garin da ya fi duhu shi ne ya fi sanyi. A Norwe haske yana da tsarinsa, sanyi da ruwan sama suna da nasu, kuma sai an raba su biyu kafin a gane ƙasar.

Siffar Norwe a taswira kamar ludayi take, kansa a kudu, mariƙinsa siriri ya miƙe arewa yana bin gaɓar teku. Daga Lindesnes a ƙarshen kudu, wanda ke kan digiri 58 arewa da layin da ya raba duniya biyu, zuwa Nordkapp da ke kan digiri 71, akwai tazarar kimanin kilomita 1,750 in an bi miƙaƙƙen layi. Digiri 13 ke nan, alhali Najeriya tun daga bakin teku har iyakar Nijar ba ta wuce digiri 10 ba. Yawan digirin ba shi ne abin dubawa ba, wurin da suka faɗa shi ne. Digiri 10 a kusa da tsakiyar duniya ba sa sauya tsawon yini sai da kimanin rabin sa'a, amma a can sama kowane digiri guda yana iya ƙara makonni a kan lokacin da rana ba ta faɗuwa. Ban da wannan, Norwe tana da tsibiran Svalbard, inda garin Longyearbyen yake kan digiri 78.

Tushen al'amarin shi ne cewa duniya ba a tsaye sak take juyawa ba. Ta yi kama da katantanwar yara da ta ɗan karkace tana kan juyi, kuma karkatar ta kai digiri 23.4. Tana zagaya rana a shekara ba tare da ta sauya inda ta karkata ba, saboda haka a watan Yuni arewacinta ne ke fuskantar rana, a Disamba kuma ya juya mata baya. Nisa tsakanin duniya da rana ba shi da hannu a ciki. Hasali ma a farkon Janairu, lokacin da Norwe ke cikin tsananin duhu, duniya ta fi kusa da rana, kimanin kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuma take kai miliyan 152. Idan aka cire 23.4 daga 90 za a sami kusan digiri 66 da rabi, kuma nan ne layin da ake kira da'irar Arktik yake. Daga wannan layi zuwa sama akwai aƙalla kwana ɗaya a shekara da rana ba ta faɗuwa. Layin ya ratsa Norwe a yankin Nordland, kuma mutanen da ke zaune a arewacin ƙasar gaba ɗaya ba su kai kashi ɗaya cikin goma na al'ummarta ta kimanin miliyan 5.5 ba. Mafi yawan 'yan Norwe suna ganin fitowar rana da faɗuwarta kowace rana ta Allah.

Sai dai fitowa suna ta tara. A Oslo, babban birnin ƙasar, wanda ke kusa da digiri 60, yinin ƙarshen Disamba bai cika sa'a 6 ba. Rana takan fito bayan ƙarfe tara na safe ta faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe uku, kuma ko a tsakiyar yinin ba ta ɗagowa sama da digiri 7 daga bakin sama, wato inda ido ke ganin sama ta haɗu da ƙasa. A Kano rana tana kai wannan matsayi kimanin rabin sa'a bayan fitowarta, lokacin da malaman fiƙihu ke cewa ta ɗaga tsawon mashi ko ta ɗara kaɗan. Ke nan azahar ɗin Oslo a Disamba sassafen Kano ce, babu hantsi balle walaha, kuma mutum mai matsakaicin tsawo yakan ga inuwarsa ta miƙe kusan mita 15 da tsakar rana. A Yuni kuwa yinin Oslo yana kai sa'a 18 da minti 50, amma duk da haka mafi girman ɗagowar rana a can digiri 53 da ɗoriya ne, kusan daidai da mafi ƙanƙantar ɗagowarta da tsakar rana a Kano cikin hunturu. Babu wata rana a shekara da za ta tsaya a tsakiyar kan mutum a Norwe.

In aka nausa arewa zuwa Trondheim, kan digiri 63, gajeren yini ya koma sa'a 4 da rabi, dogon kuma ya haura sa'a 20, kuma abin da ya rage na dare a Yuni ba dare ba ne, almuru ne da ke zarcewa kai-tsaye zuwa wayewar gari. Garin Bodo, da ke ɗan sama da da'irar Arktik, yana samun fiye da wata guda na rana marar faɗuwa daga farkon Yuni, amma abin mamaki, bisa lissafi ba shi da ko kwana ɗaya da rana ba ta leƙowa a Disamba. Dalili shi ne iskar da ta lulluɓe duniya tana lanƙwasa hasken rana, kamar yadda sanda ke bayyana a karye idan an tsoma ta a ruwa, sai a ga rana alhali tana ɗan ƙasa da bakin sama. Wannan lanƙwasa tana ƙara wa haske kwanaki tana rage wa duhu, shi ya sa a duk faɗin arewa lokacin rana marar faɗuwa ya fi lokacin rashinta tsawo.

Tromso, birni mafi girma a arewa, mai jami'a da asibitin koyarwa, yana kusa da digiri 70. Daga wajejen 20 ga Mayu zuwa ƙarshe-ƙarshen Yuli rana ba ta faɗuwa a can. Ba tsayawa take yi wuri ɗaya ba. Zagaye take yi, ta ɗaga ta kudu da tsakar rana, ta gangaro ta yamma, ta sauko ta arewa da tsakar dare har ya rage kamar digiri 3 ta taɓa ƙasa, sannan ta sake hawa ta gabas. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu kuma ba ta fitowa sam, lokacin da suke kira mørketid, wato lokacin duhu. Sunan yana iya ruɗar da mutum. Ko a ranar 21 ga Disamba rana tana matsowa har digiri 3 kacal ƙasa da bakin sama, don haka daga wajejen ƙarfe goma na safe zuwa ɗaya da rabi akan sami haske irin na bayan sallar asuba kafin fitowar rana. Gefen kudu ya yi ja da ruwan goro, dusar ƙanƙarar da ta rufe duwatsu ta koma shuɗiya, mutum yana iya tafiya ba fitila, ko da yake fitilun titi da na tagogi suna kunne. Kafin yara su tashi daga makaranta duhu ya sake rufewa. Da yake duwatsun kudu suna tare rana na wasu kwanaki bayan lissafi ya ce ta fito, sai ranar 21 ga Janairu mutanen birnin ke bikin dawowarta, inda ake raba wa yara wani burodi mai zaƙi da ake kira da sunan rana.

Duhu na gaskiya sai Svalbard. A Longyearbyen rana tana ɓacewa daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu, kuma a Disamba ko da tsakar rana tana kusan digiri 12 ƙasa da bakin sama, ta yadda azahar da tsakar dare ba su da wani bambancin kirki. Ba ta sake haska cikin garin sai ranar 8 ga Maris saboda duwatsun da suka kewaye shi, amma daga wajejen 20 ga Afrilu ta daina faɗuwa har zuwa kusan ƙarshen Agusta. Wata huɗu ke nan, ba shida ba, kuma wannan shi ne babban gari mafi arewa a ƙasar.

Idan aka haɗa sa'o'in da rana ke sama a cikin shekara guda, za a tarar Kano da Oslo da Tromso kusan rabonsu ɗaya, wato kimanin rabin shekara kowanne. Yadda ake biyan rabon ne ya bambanta. Kano kamar ma'aikaci ce mai albashi, kowane wata da abin da ke shigowa, Tromso kuwa kamar manomi, ya cika rumbu a kaka ya yi ta ci har ya ƙare. A wajejen 21 ga Maris da 23 ga Satumba duka garuruwan suna da yini na kimanin sa'a 12, amma saurin da suke wuce wannan matsayi ba ɗaya ba ne. A Maris yinin Kano yana ƙaruwa da abin da bai kai minti ɗaya ba kowace rana, na Oslo da minti 5 da rabi, na Tromso da kusan minti 9, wato sa'a guda cur a mako. A ganina wannan gudu na sauyi ya fi duhun kansa wahalar da jikin baƙo, domin kafin barcinsa ya saba da wani tsari, tsarin ya riga ya gusa. Daidaiton sa'o'i kuma ba ya nufin daidaiton zafi, tun da hasken da ya zo a kwance yana bazuwa a fili mai faɗi, ya kuma ratsa iska mai kauri kafin ya iso.

Akwai garin da duhunsa ba daga arewa ya zo ba. Rjukan yana kudu, kusan layi ɗaya da Oslo, wato nisansu daga tsakiyar duniya kusan ɗaya ne, amma an gina shi ne a cikin kwazazzabo mai zurfi a gindin dutsen Gaustatoppen, saboda a nan ne aka sami gangaren ruwan da zai ba masana'antar taki wutar lantarki a farkon ƙarni na 20. Daga wajejen Oktoba zuwa Maris rana tana fitowa kullum, tana haska kawunan duwatsu, amma ba ta sauka cikin gari. A 1928 aka kafa wata mota mai tafiya a rataye jikin igiyar ƙarfe don ma'aikata su riƙa hawa sama su sha rana, sannan a 2013 aka girka manyan madubai uku a kan dutse, waɗanda kwamfuta ke juyawa suna bin rana, suna jefa haskenta a dandalin tsakiyar gari. Filin da hasken ke rufewa bai wuce murabba'in mita 600 ba, bai kai girman fuloti biyu ba, amma mutane sukan zo su zauna a bencin wurin da rigunansu masu kauri, su ɗaga fuska sama.

Da a ce sanyi yana bin haske, da garuruwan gaɓar arewa ne suka fi ko'ina daskarewa. Ba haka abin yake ba. Tsibirin Rost da ke ƙarshen tsibiran Lofoten yana kan digiri 67 da rabi, layi ɗaya da garin Verkhoyansk na Saberiya a Rasha, don haka haskensu ɗaya ne a kowace rana ta shekara. Matsakaicin yanayin Janairu a Verkhoyansk yana wajejen digiri 45 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, na Rost kuwa yana ɗan sama da sifili, wato ko ruwa bai cika daskarewa ba. Abin da ya raba su teku ne. Akwai igiyar ruwa mai ɗumi da ke tasowa daga yankin tekun Meksiko, ta ratsa Tekun Atilantika, reshenta ya bi gaɓar Norwe har zuwa Tekun Barents. Ruwa yana jinkirin ɗaukar zafi yana jinkirin sakinsa, kuma iskar da ta fi kaɗawa a yankin daga kudu maso yamma take zuwa, sai ta kwaso ɗumin tekun ta sauke a gaɓa. Igiyar ruwa da iska tare suke wannan aiki, ko da yake a baki an fi yabon ta farko.

Tattalin arziki ya daɗe da gane haka. Ma'adinin ƙarfen da ake haƙowa a Kiruna, cikin ƙasar Suwidin, yana da tashar ruwa ta gida a Lulea, amma tekun wannan gefen yana daskarewa a hunturu. Saboda haka tun farkon shekarun 1900 aka shimfiɗa layin dogo ya tsallake duwatsu zuwa Narvik a Norwe, wanda ya fi Lulea arewa da kusan digiri 3 amma tasharsa a buɗe take shekara duka. Wannan tasha ce ta sa aka yi ƙazamin faɗa a kan Narvik a 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Da zarar an bar gaɓa aka shiga tudu, labari ya sauya. Tromso da Karasjok kusan layi ɗaya suke, lokacin duhunsu kusan ɗaya, amma matsakaicin Janairu a Tromso yana wajejen digiri 3 zuwa 4 ƙasa da sifili, a Karasjok kuwa, da ke kan tudun Finnmark a can ƙuryar arewa, nesa da teku, yana wajejen 16 ƙasa da sifili. A Karasjok ɗin ne aka auna sanyi mafi tsanani a tarihin ƙasar, digiri 51.4 ƙasa da sifili, ranar 1 ga Janairun 1886. Tsohon garin haƙar tagulla na Roros, wanda ke ɗaruruwan kilomita kudu da da'irar Arktik kuma rana ke fito masa kullum, shi ma ya taɓa kai 50 ƙasa da sifili a 1914, kuma a kowane hunturu ya fi Tromso sanyi nesa ba kusa ba. A lokacin ɗumi kuma tudun ne ke zafi, gaɓa tana sanyi-sanyi. Zafi mafi girma da aka auna, digiri 35.6, a Nesbyen ne cikin wani kwari na kudu, ranar 20 ga Yunin 1970. Wannan adadi ne da mutumin Sakkwato zai kira sauƙi a watan Afrilu.

Ruwan sama ya fi komai nuna aikin duwatsu. Jerin duwatsu ya bi tsawon ƙasar kamar ƙashin baya, mafi tsawonsu, Galdhopiggen, ya kai mita 2,469. Iskar teku mai laima tana cin karo da su ta yamma, ta hau sama, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta, sannan ta sauka gabas a bushe. Bergen, birni na biyu a girma, yana samun fiye da milimita 2,200 a shekara, kuma kwanakin da ake ruwa sun haura 200. Oslo, da ke layi ɗaya da shi amma a bayan duwatsu, tana samun kimanin milimita 800, kusa da abin da Kano ke samu, sai dai nata a warwatse yake cikin wata 12 maimakon a zubo shi cikin wata huɗu. A Skjak, wani kwari da manyan duwatsu suka kange, abin da ke sauka bai kai milimita 300 ba, ƙasa da damina mai matsakaicin kyau a Damagaram, kuma manoman wurin sun shafe ɗaruruwan shekaru suna jawo ruwan narkakkiyar ƙanƙara daga tudu ta magudanai don ban ruwa. Iskar da ke gangarowa daga duwatsu tana ɗumama yayin saukarta, abin da ya sa aka auna digiri 19 a Sunndalsora ranar 2 ga Janairun 2020, a tsakiyar hunturu, lokacin da yini yake kimanin sa'a 5 kacal.

Sanyi yana kuma zuwa a makare. Duhu ya fi tsanani a Disamba, amma a gaɓar teku Janairu da Fabrairu ne suka fi sanyi, domin sai teku ya gama sakin ɗumin da ya tara. A Tromso dusar ƙanƙara takan kai ƙololuwar taruwarta ne a Maris ko Afrilu, har ta taɓa kai santimita 240 a ƙarshen Afrilun 1997, makonni uku kacal kafin rana ta daina faɗuwa. A daidai lokacin da itatuwan tuffa ke fure a yankin Hardanger na kudu maso yamma cikin watan Mayu, arewa tana cikin haske dare da rana amma ƙasa fara fat. Doka ma ta amince da wannan bambanci, domin a yankunan arewa ana halatta tayoyin mota masu ƙusoshi daga 16 ga Oktoba zuwa ƙarshen Afrilu, a kudu kuwa sai daga 1 ga Nuwamba. Dusar da ta taru a duwatsu ita ce ke narkewa ta cika madatsun ruwa a Mayu da Yuni, a ajiye ruwan har hunturu, kuma daga nan ne kusan kashi 90 cikin 100 na wutar lantarkin ƙasar ke fitowa.

Busasshen kifin nan mai taurin itace da ake sayarwa a kasuwanninmu, wanda 'yan kudu ke kira okporoko ko panla, ɗan wannan yanayi ne. Daga Janairu zuwa Afrilu wani babban kifi da suke kira skrei yana barin Tekun Barents ya zo Lofoten yin ƙwai. Masunta sukan cire kai da hanji, su ɗaure kifi bibbiyu ta wutsiya, su rataye a kan dogayen ragayu na itace a sarari, ba gishiri ba hayaƙi, daga Fabrairu ko Maris har zuwa Mayu ko Yuni. Aikin yana buƙatar yanayin da ke rawa a kusa da sifili tare da iska mai gishiri. In sanyi ya yi yawa tsokar ta daskare ta lalace, in ɗumi ya yi yawa ƙuda da ruɓa su rigaya. Da Lofoten tana da sanyin da ya dace da layinta, da babu wannan sana'a. Mafi ingancin kifin Italiya ake kai shi, kawunan kuma, waɗanda ake shanyawa daban a jere a jikin igiya, Najeriya ce babbar kasuwarsu.

Makiyayan ƙabilar Sami na Finnmark su ma lissafin teku da tudu suke bi, kamar yadda Fulani ke bin ruwa da ciyawa. Dabbarsu dangin barewa ce mai rassan ƙaho. A hunturu sukan kai garke can cikin tudu, wajen Kautokeino da Karasjok, inda sanyi ya fi tsanani, kuma da gangan suke yin haka, domin dusar wurin busasshiya ce mai laushi wadda dabba ke iya tonawa da kofato ta kai ga farar gansakukar da take ci. Idan ɗumi ya zo sai su gangara gaɓa da tsibirai, inda ciyawa take kore kuma iska ke rage sauro.

Ga Musulmin da ke zaune a can, lamarin ya wuce abin al'ajabi ya zama tambayar fiƙihu. Daga kimanin digiri 48 da rabi zuwa sama, akwai lokacin da hasken shafaƙi ba ya gama gushewa kafin alfijir ya keto, kuma a Oslo wannan yana ɗaukar daga ƙarshen Afrilu zuwa bayan tsakiyar Agusta, ta yadda lokacin lisha da na asuba ba su da alamar da aka saba. Matsalar ba sabuwa ba ce, domin Ibn Fadlan, wanda ya isa ƙasar Bulgar a bakin kogin Volga a shekarar 922, ya ba da labarin gajartar darensu. Malamai sun dogara da hadisin Dujal da ke cikin Sahihu Muslim, inda aka ambaci yini mai tsawon shekara kuma aka umarci mutane su ƙaddara lokutan salla. Sun sha bamban a kan abin da za a ƙaddara da shi, wasu suka ce gari mafi kusa da ke da dare da yini, wasu suka ce Makka, kuma Musulmin Tromso sun shahara da bin lokacin Makka a watannin da rana ba ta faɗuwa ko ba ta fitowa. Mafi wuya a nawa ganin ba waɗannan watanni ba ne, tun da hukuncinsu a fili yake, sai dai makonnin da ke gefensu, inda rana ke faɗuwa na ɗan lokaci kaɗan kuma azumi zai iya haura sa'a 22 ga wanda ya bi ido. An sha wannan muhawara a 2015 da 2016 da Ramadan ya faɗo a Yuni, kuma tun da yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, a farkon shekarun 2030 zai faɗo cikin lokacin duhu.

Jiki ma yana da nasa lissafin. Idan rana ta yi ƙasa sosai, haskenta ba ya isa fata ta samar da sinadarin bitamin D, kuma wannan yana ɗaukar watanni da dama ko a Oslo. 'Yan ƙasar suna da tsohuwar al'adar shan man hantar kifi, wanda suke kira tran, daga Satumba zuwa Afrilu. Mai baƙar fata yana buƙatar rana fiye da farar fata kafin ya samar da adadi ɗaya, don haka ɗalibi ko ma'aikacin da ya je daga ƙasashenmu ya fi kowa buƙatar kula da wannan. Agogo kuwa ba zai ba shi wahala ba, domin a hunturu lokacin Norwe daidai yake da na Najeriya da Nijar, sai daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba ne suke tura nasu gaba da sa'a guda.

A cikin tsarin nan biyu, na haske bai motsa ba, ranakun da aka lissafa wa Tromso da Longyearbyen su ne dai kakanninsu suka sani. Na zafi shi ne ke gusawa, kuma a Svalbard ya fi gudu, inda aka auna digiri 21.7 a Yulin 2020, kuma mashigin ruwan da ke gaban Longyearbyen, wanda a da yake daskarewa a hunturu, yanzu yakan shafe lokacin duhu a buɗe. A tudun Finnmark sauyin yana zuwa ne ta hanyar da ba a zata ba. Iska mai ɗumi takan kutso daga teku a tsakiyar hunturu ta kawo ruwan sama a kan dusar ƙanƙara, bayan kwana ɗaya ko biyu sanyi ya dawo, ruwan ya daskare ya zama ɓawo mai tauri a kan gansakuka. Dabba tana jin ƙamshin abincinta a ƙarƙashin ƙafarta amma kofato ba ya iya fasawa, sai makiyayi ya sayi abincin buhu ya ɗora a kan babur ɗin ƙanƙara ya bi garke da shi cikin duhu.